Alƙalamin da Aka Manta a Kujerar Baya

Na bar Agege ladan bai ida kiran farko ba,
na tsaya a Ikeja riƙe da kwali
mai ɗauke da sunan da harshena ya kasa lanƙwasawa.

Su uku ne. Jaka ɗaya suka hana ni taɓawa.
Na ce a raina: can ƙasar take kwance,
a ninke, an maƙale mata ƙarfe a kusurwa.

A kan doguwar gada cunkoso ya riƙe mu.
Ƙasa, Makoko na hura hayaƙin kifi,
mata na tuƙa kwalekwale tsakanin ƙafafun gidaje.
Macen cikinsu ta ɗauki hoto ta gilashi,
ta ce da kyau,
ta koma shafi na arba'in da ɗaya.

Turancina na tasha ne,
amma kunne koma ce, tana kamo abin da ba a nema ba:
tallafi, a janye shi.
Naira, a sake ta, ta yi iyo da kanta.
Na leƙa ruwan da ke ƙarƙashinmu,
na tuna ita ma 'yar tudu ce kamar ni.

A otal ɗin tsibiri aka ja ƙofa.
Mu direbobi muka raɓe a inuwar janareta,
ni, da Jatau, da Kayode mai jan babban sakatare.
Kayode ya ce ogansa bai runtsa ba:
jawabin da zai karanta wa ƙasa gobe
jiya da dare ya iso daga wani birni mai ƙanƙara,
nasa aikin, ya liƙa tuta a sama.
Jatau ya ce, kowa ya ci ladan kuturu...
Bai ƙarasa ba aka kira shi.

Ba zan yi musu ƙarya ba.
Bara, a kan wannan kujerar
na ɗauko akwati mai sanyi zuwa asibitin unguwa.
Ɗigo biyu a bakin Tasallah,
ga ta yau tana tsere da awaki a bakin layin dogo.
Hannun nan ne dai. Shi ya miƙo, shi ya auna.
Kuma ba su suka haɗiye bashin farko ba.
Na san gidajen da ya rikiɗe ya zama a Ikoyi,
na sha sauke mutane a ƙofarsu.

Kwana huɗu aka sa hannu, aka yi tafi.
A hanyar komawa babbansu ya tambaye ni
ko mutane na murna da gyaran.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
haka ta zo mini baki.
Na juya ta, na ga ba za ta haye gadar ba,
sai na ce, yallaɓai, mun gode.

Wata bai zagayo ba
Lantana ta dawo daga Mil Sha Biyu da rabin kwando.
Tumatirin da ya taso daga Kadawa
ya sha man fetur a hanya har ya fi ƙarfinta.
Ta ce, wane ne ya yi wannan?
Na ce ba shi da gida da za a je a yi sallama.

Ranar wanke mota na tsinci alƙalaminsu,
baƙi, mai nauyi, da zoben azurfa a wuya.
Yanzu yana kan teburin Lantana,
da shi take rubuta masu cin bashi a bayan kwalin sabulu:
Iya Risikatu, gwangwani biyu na shinkafa.
Malam Barmo, sai ƙarshen wata.
Ba ta gindaya wa kowa sharaɗi,
idan layi ya daɗe, ta kan soke shi ta yi shiru.

Jiya ta ce tawadar ta fara dusashewa.
Na zagaya Obalende shago shago,
kowa ya juya shi a hannu ya ce
irin wannan sai dai a aiko daga waje.