Bunsurun Fadama

Wanda ya raɗa maka suna ban san shi ba,
amma ya shinshina kafin ya raɗa.
Ba ƙaho, ba gemu, ba ka tunkuyi,
wari kaɗai ka gada,
shi ma ba wari ba ne ga hancin da ya saba.

Gabas da Miga, inda ruwa ke kwana wata uku
sannan ya janye ya bar laka tana tsagewa,
nan na san ka.
Ba ka faɗa wa tsakiyar ruwa kamar kacalla,
ba ka hawa tudu ƙishi ya ƙone ka.
Gaɓa ka zaɓa, tsakanin jiƙa da bushewa,
gefen burtali, bakin kududdufi,
da saurar da aka gaji da nomawa.

Goggo Tabawa ce ta ɗora yatsana a jikinka.
Ta ce, "Murza. Me ka ji?"
Na ce kara ne.
Ta ce, "Ƙirga."
Kusurwa huɗu, kamar soro,
alhali maƙwabtanka duk zagaye suke kamar bukka.
Ganye biyu-biyu suna fuskantar juna,
na sama sun gicciye na ƙasa,
bakinsu da haƙora irin na zarto,
bayansu da gashi mai kama hannu.
Can bisa zangarniya, kaurin babban yatsa,
furanni ƙanana masu leɓe biyu,
ƙudan zuma kaɗai ya san ƙofar shiga.
Kowane kwanso 'ya'ya huɗu,
baƙaƙe, ko riɗi ya fi su jiki.

Shanun Giɗaɗo su biyo burtali da yunwa,
su aske komai har ƙasa,
su iso kanka su yi atishawa su wuce.
Akuya ma, da ba ta san kunya ba,
ta ratse ta ba ka hanya.

Da kaka Goggo ta yanko ka runguma uku,
ta shimfiɗa ka a gindin rumbu,
wake a kanka, kai a kan wake,
haka har wuya.
Ƙwaro ya zo ya yi sallama ya koma.
Da dare reshe ɗaya a garwashi,
sauron fadama ya kwana waje yana ƙunƙuni.
Mu kuma mu wayi gari da kai a riga,
a aji yara su toshe hanci,
wai ga 'yan gidan bunsuru.
Na ji haushinka a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Bana na koma.
Fadama ta zama shinkafa layi-layi,
inji yana tari a bakin rijiya,
an yi feshi har gefen hanya.
Wakenmu yana buhu mai leda biyu.
Ya fi sauƙi, na yarda.
Na tambayi yaron da ke gadin inji,
ya ce, "Wane bunsuru? Na wa ya ɓata?"

Na yi ta tafiya har la'asar sakaliya.
Bayan makabarta, inda mai feshi ke jin nauyin shiga,
a ɗan kwarin da ruwa ke maƙalewa,
sai ga ka, tsayin ƙugu,
tushe bakwai ko takwas,
taku kaɗan daga inda muka kwantar da ita.

Ban yanke ka ba.
Ganye ɗaya na murza tsakanin yatsu,
na tsaya nan har aka kira magariba,
sannan na karkaɗe zangarniya biyu a aljihu.

A motar komawa wani dattijo ya ya da kai,
ya ce, "Malam, dabba ka ɗauko?"
Na dafe aljihu.
Na ce, "Iri ne."