Shafin da Ya Ɓace

Ruwan Agusta ya tsare mu a shagona, bayan Taminus,
ni da allura da zare
da tsohon littafin da Kacollom ta kawo cikin leda.
Bayansa ya ɓalle, shafuka sun watse kamar karta.
"Baba Ishaya, a haɗa mini shi kafin jarrabawa."
Lambobin shafin kuwa gara ta yi kalaci da su.
Dole in karanta kafin in ɗinka.

Labarin Yahudawan dā ne,
zamanin da Rumawa suka hau musu wuya.
Kowa na jiran mulkin Allah,
sai dai ba hanya ɗaya suka zuba wa ido ba.

Wannan shafi ya ce sarki ne,
jinin Dawuda, mai shafaffen kai,
zai kakkaɓe baƙi daga Urushalima
yadda ake kakkaɓe tabarma da safe.
Na ajiye shi a dama.
Na ɗauko wani: a'a, firist ne, tsatson Haruna,
Haikali zai tsarkake, ba ruwansa da doki.
Wasu can bakin Tekun Gishiri
sun bar gari da hayaniyarsa,
daga wanka sai kwafar rubutu,
suka ce ai biyu ne, firist a gaba, sarki a baya.
Suka cusa begensu cikin tuluna,
suka ba kogo ajiya.

Kacollom na hura tafin hannu.
Sanyin Jos ba ya tambayar wata.
Ƙanƙara ta fara jifan kwano,
sai da na ɗaga murya.

Ga masu wuƙa a ƙarƙashin riga,
su a wurinsu zaman jira ragwanci ne,
ƙofar da ba ta buɗe ba, a sa mata kafaɗa.
Ga malaman shari'a na cewa a yi haƙuri,
a kiyaye Asabar, a fid da zakka har ta ganyen miya,
ranar na zuwa da ƙafarta,
matattu ma za su tashi su karɓi rabonsu.
Manyan Haikali suka gyara zama:
wanda ya mutu ya mutu,
kada wani ya tsokano mana Ruma,
ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
Sai wata 'yar takarda, rabinta ya jiƙe,
mai ita bai ma duba ƙasa ba,
a bisa gajimare ya hango mai zuwa.

Na tuna ubana.
Shekara talatin yana haƙar kuza a Bukuru,
kamfani ya tafi ya bar masa tari da kududdufi.
Kullum la'asar sai ya sa hularsa ya zauna bakin titi,
wai za a dawo a biya su.
Ƙaninsa ya ce a je a fasa ofis.
Innata ba ta ce komai ba,
ta shuka dankali a gefen ramin.
Tukunya ɗaya suka ci har suka mutu,
ba wanda ya sauka daga kan maganarsa.

"To, Baba, wa ya yi daidai?"
Na laluba ledar, na zazzage ta.
Shafin ƙarshe babu.
Ko ɓera, ko wani ɗalibi ya naɗe gyaɗa da shi.

Na ce, 'yata, ki tambayi malaminki,
ni zare na iya.
Na jera mai takobi kusa da mai turare,
mai kogo ya jingina da mai gajimare,
na huda su wuri guda, ba wanda ya yi ƙara.
A ƙarshe na liƙa farar takarda,
ban caje ta kuɗinta ba.

Ruwa ya tsagaita.
Ta rungume littafin cikin rigar sanyi,
ta tsaya bakin titi tana jiran motar Farin Gada,
tana duban dama, can kuma ta dubi hagu.