Kwalba Mai Lamba 719

Tarcisio ya naɗe hannun rigarsa tun ban ce masa ba,
ya miƙo damtse mai jijiyoyi kamar saiwar inabi.
Shekara arba'in da ɗaya yana shaƙar ƙurar siminti
a masana'antar da ke bakin kogin Serio,
ga taba kwali guda kullum, ban da Lahadi.
Ya ce, "Ɗibi da yawa, Ornella,
ni ba abin da zan yi da shi."

Gesuina ba ta taɓa sa taba a baki ba.
Ita ke hawa dutse da kwando tsintar naman kaza,
ta sauko tana mita, ko haki babu.
Gado ɗaya suka kwana, tari ɗaya suka yi.
Shi zazzaɓin kwana uku, ya tashi ya nemi miya.
Ita a rana ta tara motar asibiti ta zo,
ta ce ya riƙa ba furen taga ruwa.
Daga nan sai waya.
Ƙararrawar coci ma an daina kaɗa ta a watan,
ta gaji mutane, mutane sun gaji da ƙirga.

"Karanta mini," in ji shi. "An ce akwai rubutu a jini."

Akwai.
Haruffa huɗu ne kacal, ana ta jujjuya su
har sau biliyan uku,
littafin da uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi,
ba wanda ya duba kafin ya karɓa.
Aikina farautar tuntuɓen alƙalami:
harafi guda da ya zauna kujerar wani,
ya sa mai gadin huhu ya makara da busa ƙaho
har baƙo ya shigo, ya sauke kaya, ya haihu.

Na ce masa jininsa rabin tambaya ne.
Ɗaya rabin yana ƙarƙashin ƙasa.

Ran Talata sai ga shi da Palmira, ƙanwar matar,
mai tsoron allura kamar wuta.
Na ba ta kwalba ta tofa yawu.
Minti goma tana fama, baki ya bushe,
tana dariya, tana kuka, tana zagin surukinta.

Yanzu suna kwance kusa da juna a firiji,
sanyi tamanin ƙasa da sifili,
su da mutum dubu biyu na wannan kwari:
mai gasa burodi, direban bas, limamin coci,
wata yarinya da cutar ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba.
Da dare injin na gurnani.
Wani lokaci nakan ji kamar numfashi ne.

A gari an koma sumbatar kunci.
Takunkumi miliyan na ruɓewa a rumbun gwamnati,
wasiƙa ta zo tana tambaya
ko lallai ne firijin ya ci wuta haka.
Na amsa da shafi shida, ba a amsa mini ba.

Amma ta gaba tana nan tafe.
Wataƙila yau tana maƙogwaron agwagwa a wata fadama,
tana gyara haruffanta, ita ma ɗaliba ce,
ba ta hutun bazara.
Ran wanka ba a ɓoyon cibi.
Ina so ran da ta iso in iya cewa:
wannan a fara da ita, wancan zai iya jira,
gado na bakwai a matso masa da iska tun yanzu.

Tarcisio na kira duk farkon wata.
"Kin gano?"
"Da saura."
"To."
Sai ya yi tari irin na masu taba, mai tsawo,
ya ce furen ya yi toho,
amma bai san sunansa ba, ita ce ta sani.