Zango Na Biyu

Ƙarfe tara na safe a Gadarif,
ranar da ake buɗe gwanjon riɗi,
ina zaune a ɗakin kwano, gindin turken sadarwa.
Shayina ya huce, fanka tana tari,
a kan allo babban zango ya yi ja wur.

Dillalai sun fi ɗari bakwai,
kowa ya manna waya a kunne,
kowa na so Bur Sudan ta ji farashinsa kafin na maƙwabci.
Direbobin tirela na neman masu lodi,
masu lodi na neman wanda ya riƙe musu kuɗin jiya.
Iska ɗaya ce, bakuna sun yi mata yawa.

Na'urar da nake tsaro ba ta iya gardama ba.
Takan kasa kunne tukuna.
In ta ji hanya da mutane sai ta ja da baya,
ta ƙirga wani ɗan lokaci da ita kaɗai ta sani,
ta sake leƙowa.
Sau ɗaya, sau biyu.
A na uku ta naɗe maganar kamar ƙullin goro
ta ratse da ita zango na biyu,
mai kira bai ma ji an sauya masa ƙasa ba.

Attayyib, abokin aikina, ya ce wannan lissafi ne.
Na ce a'a, wannan Baba Ɗantani ne.

Shekara talatin yana gadin ruwa a gonakin Jazira,
kwagiri a hannu, wando a naɗe zuwa gwiwa.
In babbar magudana ta cika ta fara huci
ba ya tsayawa yi mata wa'azi,
sai ya taka can ƙasa, ya ɗaga ƙyauren ƙaramar kwata,
ruwa ya bi ta bayan auduga
ya isa gonar da aka nufa, ko da ya makara kaɗan.
In hagu ta ƙiya a koma dama, in ji shi,
yana wanke laka daga tsakanin yatsunsa.

Amma zango na biyu ba namu ba ne.
Yana da mai shi, wata tashar duba sararin sama
da kan yi barci rabin yini.
Aro muke.
Da zarar ta yi gyaran murya
sai mu kwashe tabarmarmu cikin ƙiftawar ido,
ba ƙorafi, ba a bar ko takalmi.
Wannan ma na san shi tun kafin makaranta:
kakata ta taso daga Haɗeja da niyyar Makka,
hanya ta cushe, guzuri ya ƙare,
ta ratse Mai Wurno don ta ɗan jira.
Jiran ne ya haifi ubana.

Ba na jin abin da suke faɗa.
Lambobi kawai nake gani suna tsallaka rami.
Sai da azahar Kubura mai shayi ta leƙo karɓar kofinta,
ta ce yau ta samu ɗanta a Kasala bugu ɗaya,
a tsakiyar wannan hayaniya,
ta ce ikon Allah.
Na ce ƙwarai.
Ban gaya mata ta ƙofar baya muryarta ta fita ba.

La'asar sakaliya ja ya koma kore.
An ɗaure buhuna, an tofa wa yatsa yawu ana ƙirga.
Na ɗauki tawa wayar na kira Baba.
Layinsa a cike.
Na jira, na sake. A cike.
Na san shi, yana can yana musu kan farashin dawa
da wani tsoho da ba ya ji sosai.

Sai na kira Iya Zulai,
wadda ke zaune kamu biyu daga gefensa tana tsince wake.
Ta ɗauka tun kafin ta gama ƙara.
Ta ce, faɗa mini, zan miƙa masa.