Hayaƙi Ba Ya Karanta Takarda

Bakin garejin Buzaye nike zamne,
Tanda gabana tun kiran assalatu,
Shekara sha huɗu ina toya masa,
Kowace mota na san ta da hayaƙi.

Jiya Arzika yaz zo da tsohuwar Fijo,
Takarda biyu shina kaɗa su sama,
Gumi na zuba awa an tsamo shi rijiya,
Yac ce: Ku taho ku ga abin mamaki!

Dandima mutanen jiha sunka tsai da ni,
Sunka cusa ƙarfe cikin salansa,
Wai numfashin motata ya wuce ƙa'ida,
Nib biya tara, ban ko yi tsaki.

Ban wuce Kwannawa ba sai ga na tarayya,
Sunka dubi shaidar sunka yi dariya,
Wai hanyar ga tasu ta, har Gusau, har Zariya,
Nan takardar jiha ba ta aiki.

Modi yaf fito daga ƙarƙashin tirela,
Baƙin mai har gira, sifana ga hannu,
Yac ce: Mota ba ta san iyakar jiha ba,
Yau tana Illela, gobe tana Jega,
In kowa ya yanka tashi doka,
Direba za ya koma jaki.

Sahabi mai faci yac ce: Ban yarda ba!
Mai ofis can nesa cikin sanyi,
Ya taɓa tsayuwa Gawon Nama da azahar,
Kabu-kabu talatin na busa mai ga ido?
Inda ka yoyo, a tambayi mai ɗaki.

Ladan yaron Modi, bai cika magana ba,
Yac ce: Baba, a maishe ta gas mana,
Tukunya guda cikin but, an huta,
Fetur shi zamna da tsadarshi cikin tanki.

Arzika yad dube shi sama da ƙasa:
But ɗin da nika loda albasar Gada?
In tukunya ta zamna, buhu shi hau kaina?
In ko ta ƙare tsakanin Achida da Wurno,
Wa za ya kawo min ɗauki?

To, ta lantarki fa? in ji Ladan.
Gareji duka yak kwashe da dariya:
Wutar da ka leƙo mu awa suruki?
Yaron bai tanka ba, yan nuna sama,
Rana na dukan kwano, kyauta,
Ba ta jiran sa hannun banki.

Ni ko ina juya masa ina saurare,
Ba wanda yat tambayi Kulu mi tag gani.
Ɗiyata Inno kwana tara tana tari,
Dare duka ƙirjinta na busa,
Maganin asibiti ya cinye kuɗin girki.

Nic ce: Ku ji ni, masu gardama,
Hayaƙi ba ya karanta takarda,
Bai san hatimin jiha ba, balle na tarayya,
Hanci kaɗai ya sani, sai ciki.

Arzika yac ce: Kulu, dubi murhunki,
Itacen ga naki turare shika yi?
Nid duba. Shuɗi na tashi, shina bin zanena,
Shi nika goya ma Inno zuwa gida.
Maganar taz zamna min awa gishiri ga miki.

Ba a raba gardamar ba har la'asar.
Arzika yan ninke takardun biyu,
Yas sa su aljihu guda, su sasanta can.
Yara huɗu sunka tura Fijo,
Tay yi tari, tay yi atishawa, tat tashi,
Tab bar muna gajimare baƙi.

Nij jawo faifai nir rufe masa,
Nik kira Ladan, nib ba shi ukku kyauta,
Nic ce: Tukunyar ga da kaka faɗi,
Akwai ƙarama, wadda ka iya ma tanda?
Yag gyaɗa kai, masa cike da baki.