Taswirar da ke Kan Baba Kyari

Sai ƙarfe biyun dare Damagaram ke faɗin gaskiya.
Sai babura sun kwanta, mai shayi ya kife kofuna,
sannan mu fito, ni da Baba Kyari,
shi da sandar ƙarfe, ni da littafi da cocila.

Yakan kafa sandar a ƙasa, ya ɗora kunne a kanta
kamar likita a ƙirjin mai tari.
"Ji nan." Na ji. Ba kome.
"Sake ji."
Can ƙasa, wani siririn tsaki:
ruwan da ya sha tafiya tun daga jeji
ya iso bakin ƙofa, ya tsiyaye cikin yashi.

A jami'a sunan karatun dogo ne:
digiri na biyu, ginin kayan amfanin jama'a da tafiyar da su.
Innata ta ce, "Wato gyaran famfo?"
Na ce a'a.
Na yi shiru.
Na ce i.

Ni fa a layin jarkoki na girma, a Garin Malam,
inda dutse ke riƙe wa mutum wuri in barci ya ci ƙarfinsa.
Garin nan a kan fa yake zaune;
mai haƙa rijiya ya gaji ya bar mana labari.

Wata shida ina ja wa kwamfuta shuɗɗan layuka.
A cikinta ruwa ba ya ɗaukewa,
ba mai sata, ba tsatsa, ba bashin da gwamnati ta manta.
Dakta Haladu ya duba, ya ture tabarau goshi:
"Gini biki ne, kowa na zuwa a yanke ƙyalle.
Kulawa ce ba ta da maroƙi.
Tashi ki je ki ga tiyon da idonki."

Na je. Taswirar ofis gara ta cinye rabin Zango.
Rabin da ya saura ya nuna makunnin ruwa
daidai inda tela yake taka kekensa yanzu.
Baba Kyari ya yi dariya, haƙori huɗu:
"Daga dogon yaro, taku bakwai gabas."
Na ce, Baba, babu dogon yaro.
Ya tona da ƙafa har ya sami kututture,
ya ƙirga bakwai, ya ce a kawo diga.
Yana nan kuwa. Shekara talatin yana jiran hannu.

Haka muka yi ta yi, lungu lungu,
shi yana tunawa, ni ina ba abin lamba.
Wani dare ya tsaya a Birni, ya daɗe.
Ya ce, "Nan kam ya ɓace mini."
Ban rubuta kome ba. Hannuna rawa yake.

Ranar kare kundi, malamai uku a bayan tebur.
Ɗaya ya buɗe shafin madogara, ya ɗaga gira:
"Wannan Kyari, wace shekara aka buga shi?"
Na ce, ba a buga shi ba, ranka ya daɗe.
Ga shi can baya, cikin rigar Juma'a,
yana neman inda zai tofar da goro.

Da yamma Inna ta tare ni a zaure:
"To, injiniya, gobe ruwa zai zo?"
Ban yi mata alkawari ba. An koya mini tsadar alkawari.

Amma da asuba famfon gidan Gaptiya ya yi tari,
ya tofa iska, ya tofa laka,
ya yi shiru kamar mai shawara,
sannan ya cika rabin bokiti.

Rabi. Na rubuta: rabi.
Saura makunni sittin da uku,
ga gwiwar Baba ta fara kumburi,
ga damina tafe.