Alli a Robar Birki

A Duitama, bayan kasuwar dankali,
Wilmar ya shigo da keke a kafaɗa.
"In na miƙe kan feda a hawan dutse
birki sai ya riƙa lasar gargare,
a gangara kuma gaba ya kama rawa.
Fok ne. Canza min."

Herminda ba ta tanka ba.
Ta damƙe birkin gaba, ta jijjiga keken,
yatsa ɗaya a wuyan fok.
Shiru.

Ta tura taya hagu, ta tura dama,
ta bi wayoyin da farce, ɗaya-ɗaya,
kunne a karkace.
Ashirin da huɗu.
Uku sun amsa da muryar mai mura.

Ta goga alli a robar birki.
"Hau tudun coci ka dawo."

Ya dawo yana haki,
fari a gefe guda na gargare.
Ta ɗaura masa ƙafar kekenta, ya sake hawa,
ya sauko tas.

"Saura kaɗan ka bar jaki ka daki taiki,"
in ji ta, tana laluben sifana.

Kofinta ya huce kan benci.
Kwatan juyi.
Wayar farko ta soma gyara murya.